Littafi Tara, Ƙuri'a Goma Sha Uku

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau aka ɗora mini aikin. Muna shirin tashi daga zama, Hajiya shugabarmu ta ce shekara uku ke nan muna karatu tare, amma ba mu da ko shafi ɗaya da za mu nuna wa wani mu ce ga abin da muka karanta, ga kuma abin da muka ce a kai. Bana sai an rubuta bita, a fitar da littafin da ya fi burge mu, a raba wa kowa kafin shekara ta fita. Da ta juyo ta ce, "Malam, tunda kai ne sakatare," na san babu wajen gudu.

Mu goma sha huɗu ne. Daga Janairu zuwa Oktoba littafi tara muka karanta. Mun buɗe da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, sai na Hemingway da muke ce wa Tsoho da Teku, sai wani yanki na Rihlar Ibn Baɗuɗa a Maris. Afrilu Paradise na Abdulrazak Gurnah, Mayu Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Littafin García Márquez, wanda muka laƙaba wa Shekara Ɗari, shi kaɗai ya cinye mana Yuni da Yuli. Agusta Doguwar Wasiƙar Mariama Bâ, Satumba Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, muka rufe da Mausimul Hijra na Ɗayyib Salih.

Abin da aka tsayar: kowa ya rubuta shafi ɗaya kan littafi ɗaya, ya kuma jera mini ukun da ya fi so, na ɗaya, na biyu, na uku. Wa'adi 23 ga wata.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na kwaso littafin da nake rubuta bayanan zama na bi shi tun daga farko. Rubutuna na Janairu tsaf, kamar na ɗan jarrabawa. Zuwa Yuli ya koma tafiyar kaza, ni kaina sai na yi ta kintace.

Yulin nan kuwa da dalili. Mutum uku kacal suka kai ƙarshen Shekara Ɗari. Sauran sunaye ne suka kayar da su: kowane namiji a gidan Buendía in ba José Arcadio ba ne to Aureliano ne, sannan Kanar ɗin gidan ya zo ya haifi 'ya'ya maza goma sha bakwai, kowanne Aureliano. A tsakiyar littafin bayanan na tarar da takardar da autarmu ta zana salsalar gidan da biro kala uku, ta naɗe ta bari. Zan sa ta a cikin bitar ko da littafin bai samu ƙuri'a ko ɗaya ba, don wahalar da ta sha.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Rubutu biyu sun iso, duka kan Ɗayyib Salih. Ban yi mamaki ba. Shi muka ajiye makonni biyu da suka wuce, zafinsa bai huce ba. Ruwan Bagaja kuwa wata goma ke nan, wa yake tuna dariyar da ya yi wa Malam Zurƙe a Janairu? Ina tsoron kada ƙuri'ar nan ta koma gwajin wanda ya fi kusa a ƙwaƙwalwa.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Dattijon cikinmu, wanda kowa ke ce wa Baba, ya kawo nasa da hannu. Shafi huɗu, gaba da baya. Na ce, "Baba, ai shafi ɗaya aka ce." Ya ce, "Na ji. Littafi ɗaya ma aka ce, ni kuwa biyu na yi. Karanta tukuna, ka yanke daga baya."

Na karanta, na rasa ta inda zan sa almakashi.

Ya ce Shaihu Umar tun yana yaro ya san shi, kuma shekara da shekaru abin da ya ɗauka a ciki shi ne labarin haƙuri: yaro maraya, an sace shi, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim wanda ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu, ya girma ya zama babban malami yana ba almajiransa tarihinsa. Ƙarshe mai daɗi. Da ba don Paradise ya gabata a Afrilu ba, da haka zai sake karanta shi bana.

A littafin Gurnah, Yusuf yana ɗan shekara goma sha biyu aka haɗa shi da attajiri Aziz, yana ce masa kawu, bai san jingina aka ba da shi kan bashin mahaifinsa ba. Shi ma ya bi ayari, shi ma ubangidansa bai wulaƙanta shi a fili ba. Amma Gurnah bai bar mai karatu ya manta cewa kyautatawar da ake yi wa yaron a cikin keji ake yin ta ba. Baba ya ce da ya ajiye wannan ya ɗauki Shaihu Umar, sai idonsa ya bar kan Umar ya koma kan mahaifiyarsa. Matar da ta bar komai ta bi sawun ɗanta, aka kama ta aka bautar, aka tsallaka Sahara da ita, ta ga ɗan nata a Ɗarabulus bayan wuya ta gama cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu. Ya ce sau nawa ya karanta wannan wuri ya wuce, bana ne ya tsaya ya cire tabarau.

Abin da ya fi kama ni a rubutunsa tambaya ce da bai amsa ba. Umar yana ba da labarin nan cikin natsuwa, babu fushi, komai ƙaddara ce. Shin natsuwar mai labari ce ta gaskiya, ko marubucin ne ya bar wa mai karatu fushin ya ɗauka da kansa? Abubakar Tafawa Ɓalewa saurayi ne malamin makaranta, bai wuce shekara ashirin da biyu ba, lokacin da littafin ya fito a 1934, cikin littattafai biyar ɗin da gasar rubutun Hausa ta Rupert East ta 1933 ta haifar: shi da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. A lokacin akwai mutane da rai waɗanda aka taɓa saye aka sayar. Paradise kuwa 1994 ya fito, shekara sittin cif a tsakani. Wanda ya rubuta abu yana kallon idon waɗanda abin ya shafa, da wanda ya rubuta bayan duk sun kwanta dama, muryarsu ba za ta zo ɗaya ba.

Ni ne na tsara jerin watannin bana, kuma wallahi ban yi nufin haɗa su ba. Paradise ya zo Afrilu ne kawai don a lokacin muka samu kwafe isassu.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Wa'adi ya cika. Rubutu bakwai, ƙuri'a tara. Na bi sauran ta waya ɗaya bayan ɗaya. Uku sun ce "gobe in sha Allahu", na san irin wannan goben. Hajiya ta ƙara mako biyu.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Ba zaman karatu ba ne, mun haɗu ne mu biyar don duba abin da ya samu, sai gardamar Satumba ta tashi sabuwa fil.

Malama, mai koyar da lissafi, ta rubuta kan Mariama Bâ. Ma'ajinmu, ita ma mace ce, ta rubuta kan Balaraba. Kowacce ta soki littafin ɗayar a cikin nata shafin ba tare da sun yi shawara ba.

Labaran kamar 'yan uwa suke. Ramatoulaye tana zaman takaba a Senegal, tana rubuta wa aminiyarta Aissatou wasiƙa, tana warware yadda mijinta Modou ya auri ƙawar 'yarsu ya juya mata baya da 'ya'ya goma sha biyu. Rabi kuwa Alhaji Abdu ne ya auro Delu, ya kore ta da 'ya'ya tara. Malama ta ce Ramatoulaye ta fi, don ta buɗe baki: ɗan'uwan mijinta ya zo neman ya gaje ta kamar kaya, ta wanke shi tas, wani mai mutunci ma ya nema ta ce a'a. Rabi fa? Ta tsaya da ƙafarta, ta kama sana'a, ta riƙe 'ya'yanta, amma da gobara ta cinye shagon mijin ya dawo hannu rabbana, dangi suka matsa mata ta koma. Malama ta ce ranar da ta kai nan jifa ta yi da littafin.

Ma'aji ta ce, "Malama, ki duba abin da kowacce ta taka ta tsaya. Ramatoulaye malamar makaranta ce, tana da albashi, tana da alƙalami, tana da ƙawa a Amurka da ta saya mata mota. A'a tana da sauƙin faɗa in akwai albashi a ƙarshen wata. Rabi me take da shi? Marubuciyar ba ta yi mana ƙarya ba, abin da ke faruwa ta rubuta. Ke ƙarshen da kike so kike nema."

Malama ta ce in don abin da ke faruwa ne, ai ba sai ta buɗe littafi ba, taga za ta leƙa.

Ni ina gefen ma'aji, amma ban faɗa ba, sakatare ba ya shiga. Abin da na ce kawai shi ne littattafan sun sha bamban tun daga haihuwa. Na Bâ da Faransanci ya fito a 1979, ya ci kyautar littattafai mai suna Noma a 1980, duniya ta san shi kafin marubuciyar ta rasu a 1981. Na Balaraba ya fito a 1990 da Hausa, don matan da labarin ya shafa su karanta da kansu, sai a 2012 Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, wani kamfani a Indiya ya buga. Ɗaya wasiƙa ce mai tsayawa ta yi tunani, ɗaya labari ne mai gudu, magana kan magana. Duk suka ce wannan ba amsa ba ce. Gaskiyarsu.

Na yanke zan buga shafukansu suna fuskantar juna, hagu da dama.

Asabar, 7 ga Disamba

Ƙuri'a goma sha uku a hannu. Mutum ɗaya ta ƙi, ta ce ita ba ta fifita ɗa a kan ɗa. Mun ƙirga ni da Malama.

In na ɗaya kaɗai aka duba, Ɗayyib Salih ya ci: mutum huɗu. Mariama Bâ uku, Shaihu Umar biyu, Alhaki biyu, Paradise ɗaya, Tsoho da Teku ɗaya. Har na fara rubuta sakamako, Malama ta riƙe biron. Ta ce to me ya sa muka wahalar da mutane suka jera uku? A ba na ɗaya maki uku, na biyu maki biyu, na uku maki ɗaya, a tara. Ta ce wannan hanya tsohuwa ce, wani Bafaranshe mai suna Borda ya kawo ta tun 1770.

Da aka tara, sai zance ya juye. Shaihu Umar 19, Mariama Bâ 17, Ɗayyib Salih 13, Alhaki 12, Paradise 9, Tsoho da Teku 6, Rihla da Ruwan Bagaja ɗaɗɗaya. Jimla 78, ta yi daidai, sau biyu muka bi. Shekara Ɗari ko ɗaya.

Dalilin a fili yake. Shaihu Umar ya fito a takarda goma cikin sha uku, yawanci a na biyu. Mausimul Hijra takarda biyar kawai ya shiga, amma huɗu daga ciki a sama suka sa shi. Wanda ya so shi ya so shi har wuya, wanda bai so ba ko ambatonsa bai yi ba. To wane ne gwarzo, wanda kowa ya yarda da shi ko wanda ya haukata mutum huɗu? Ba mu faɗi hanyar ƙirga ba kafin a kaɗa, laifina ne wannan, yanzu duk wadda na ɗauka za a ce na zaɓi mai ba ni abin da nake so. Kuma ni Shaihu Umar na sa a na ɗaya.

Wani abu kuma da na lura da shi bayan Malama ta tafi: duk takardar da Paradise ya fito a cikinta, su biyar, akwai Shaihu Umar a ciki.

Alhamis, 12 ga Disamba

Jiya Netflix suka saki kashi takwas na farko na fim ɗin Shekara Ɗari. Yau da safe mutum biyu daga cikin waɗanda suka gudu a Yuli sun kira wai ko za a iya canza ƙuri'a, yanzu sun gane wane ne wane. Na ce an rufe. Littafin tun 1967 yake jiransu, ya ƙara jira.

Lahadi, 15 ga Disamba

Ranar gyara. Rubutu goma sha ɗaya na tattara wuri ɗaya. Aikin da ya fi cin rai shi ne haruffa masu lanƙwasa: rabin mutane sun buga a waya babu ɗ, babu ƙ, babu ɓ. Wani ya rubuta cewa Ibn Baɗuɗa ya yaba yadda ake karɓar "baki" a Mali, sai da na koma na tabbatar baƙi yake nufi.

Shafin Rihla gajere ne amma na ji daɗinsa. Mai shi ya bi tafiyar tun fitowar mutumin daga Tanja a 1325 har zuwansa Mali a 1352, ya tsaya kan wurin da ya ambaci jan ƙarfen Takadda da ake kai wa Gobir da Barno. Ya ce abin da ya ba shi dariya shi ne yawan ƙorafin matafiyin kan rowar masu masauki, mutumin da ya ga rabin duniya amma kyautar da aka ba shi yake lissafi.

Na Tsoho da Teku direba ne ya rubuta, layi goma sha biyu. Ya ce kwana tamanin da huɗu babu kamu, sannan ka kama babba, kifaye masu cizo su cinye shi kafin ka kai gaɓa, ka iso da ƙashi: duk mai fita nema da safe ya san wannan. Ban taɓa ko waƙafi a ciki ba.

Ruwan Bagaja babu wanda ya rubuta a kansa. Ya ba ni haushi, don a zaman Janairu ne aka fi dariya duk shekara, bayanan zama sun nuna sai da muka ƙara kusan awa. Da alama mutane suna jin kunyar sa littafin ban dariya a sama, kamar wanda ya sa su kuka ya fi daraja. Zan rubuta masa rabin shafi da kaina.

Asabar, 21 ga Disamba

Zaman kowa da kowa, mu goma sha biyu. Na karanta sakamako biyun, na amsa laifina, na zauna.

Magoya bayan Ɗayyib Salih ba su yi wasa ba. Ɗaya ya ce littafin da ya fito a 1966 amma har yau yana hana mutum barci, ba a haɗa shi da wanda aka sa a na biyu don kara. Ya yi maganar Mustafa Sa'id, haziƙin da ya je Landan ya mayar da kansa makami, da mai ba da labarin da ya dawo ƙauyensu a bakin Nilu bayan shekara bakwai a Turai yana zaton shi bai canza ba. Masu adawa suka ce akwai wuraren da ba za su iya karantawa a gaban 'ya'yansu ba, biyu ma sun ce a tsakiya suka ajiye. Murya ta fara tashi, Hajiya tana buga tebur.

Sai auta ta ɗaga hannu. Ba ta cika magana ba. Ta ce, "Hajiya, ni ba Mustafa ne ya tsaya mini ba, matarsa ce, Husna." Mijinta ya tafi ya bar ta da 'ya'ya biyu, ta ce ba ta son auren tsoho Wad Rayyis, mahaifinta ya tilasta, abin ya ƙare da gawa biyu. Ta ce a Agusta mun ga wadda ta ce a'a aka ƙyale ta, a Satumba wadda aka matsa wa ta haƙura, a Oktoba wadda ta ce a'a ba a saurare ta ba. Da a Janairu muka karanta Mausimul Hijra, bayan babu komai, da labarin Mustafa za ta gani ta wuce.

Ɗakin ya yi tsit. Malama da ma'aji suka dubi juna. Na buɗe bayanan zaman Oktoba a wurin: kusan shafi uku na rubuta, sunan Husna sau ɗaya ya fito.

Baba ya ce, "Auta, abin da ya same ni da Shaihu Umar ke nan." Ya juyo gare ni, "Malam, kai ka jera su, kai ka yi mana wannan." Na ce ban sani ba na yi. Ya ce ai shi ya sa ya yi kyau.

Ba a fitar da gwarzo ɗaya ba. Za a buga lissafi biyun a shafin ƙarshe yadda suke, kowa ya ɗauki wanda ya yi masa. Jikin bitar kuma ba wata-wata za a jera shi ba kamar yadda na tsara da farko. Paradise da Shaihu Umar babi ɗaya, matan nan uku babi ɗaya, Ruwan Bagaja da Rihla tare tunda duka tafiya ce da mai ba da labari wanda ba kowace maganarsa za ka rantse a kai ba. Tsoho da Teku shi kaɗai, dama haka ya saba. Mutum ɗaya bai yarda ba, ya ce an yi wa Ɗayyib Salih fashi da rana tsaka, ya nemi a rubuta haka. Na rubuta.

Asabar, 28 ga Disamba

Shafi goma sha tara yanzu. Auta ta aiko da nata kan Husna ranar Laraba, shafi ɗaya da rabi, na sa shi bayan na Malama da ma'aji. Zanen salsalar Buendía ya tafi bangon baya. Rabin shafin Ruwan Bagaja na rubuta shi daren jiya, ya zama shafi guda, don na buɗe littafin in duba abu ɗaya na zarce har ƙarshe.

Sabuwar rigima ita ce jerin baɗi. Da babu mai kula wane littafi ya bi wane, yanzu kowa ya gane mai jerawa yana da hannu a abin da za a gani. Malama tana so a rubuta sunaye a naɗe, a zuba a kwali, a riƙa zara kowane wata. Baba yana so a haɗa su bibbiyu da gangan. Ma'aji ta ce in aka haɗa da gangan an riga an gaya wa mutum abin da zai gani, ba zai gano komai da kansa ba. An bar maganar sai zaman Janairu. Waɗanda suka kalli fim suna so a dawo da Shekara Ɗari, Hajiya ta ce sai sun sa hannu a takarda cewa za su gama.

Saura gabatarwa, Hajiya ta ce gobe. Saura hotunan bangon littattafai uku. Saura kuma shafi huɗun Baba: na kira shi ɗazu na ce ko layi goma ne a rage don babin ya daidaita, ya ce in zo Litinin da biro ja, za mu zauna, amma wurin mahaifiyar Umar kada in taɓa.